Ciwon da Aka Yi wa Tafi

Toledo, Ohio
Oktoba

Zuwa ga yayata Odette,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alton. Ya zafin Phoenix, ya fara sauka? Ya bayan Alton, ya daina damunsa? Maigidana Wendell yana gaishe ku, 'yarki Josette ma ta ce a gaida Anti da kyau. Mu nan sai godiya ga Allah, in ban da abin da zan gaya miki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali ga waya. Dalilin shi ne a waya ba na kai ƙarshen magana. Da na ɗauko zance sai ki ce, "Del, saurara," shi ke nan na koma mai sauraro. Takarda kuwa ba ki da yadda za ki katse ta.

Kwalin da kika aiko na zagayowar ranar haihuwata ya iso. Da murna na buɗe shi a gaban Josette. Shayin rage ƙiba, da garin nan da ake damawa a sha a madadin abinci, da ɗan kati mai furanni wai "Sabuwar shekara, sabuwar ke." Yaya, tsohuwar ni me ta yi miki? Na mayar da kwalin gidan waya, yana hanyar zuwa gare ki. Ki sha abinki.

Ga abin da na so in gaya miki ranar da kika bugo kika cika ni da labarin tseren da kika shiga. Tun watan Mayu cikina yake murɗawa, nan ƙasa ta hagu. Wani lokaci in na zagaya sai in ga jini. Na yi ta daurewa, don na san abin da ke jirana a asibiti, har Wendell ya ce in ban je da ƙafata ba zai ɗauke ni a kafaɗa. Kin san shi, zai iya.

Na je. Kujerun ɗakin jira duk masu hannu ne, matsattsu. Na jingina da bango ina latsa waya kamar ni na zaɓi tsayuwa. Nas ta auna ni a kan hanya inda kowa ke wucewa, ta karanta nauyin da ƙarfi. Rigar da suka ba ni in sa ba ta haɗu a baya ba. Abin awon hawan jini bai zagaye damtsena ba, sai ta leƙa waje ta ɗaga murya: "Wa ya ga babban nan? Babban fa, na can ƙasan durowa!" Duk wannan kafin wani ya tambaye ni me ya kawo ni.

Sai ga Dokta Harlan, likitan da muke gani tun Josette tana goye. Idonsa a kan kwamfuta ya ce, "To, Misis Tate, me ke tafe da ke?"

Na gaya masa komai. Na ce masa mahaifinmu ciwon dajin hanji ne ya kashe shi bai kai sittin ba. Ya gyaɗa kai, amma na ga lambar sikeli yake kallo.

Ya ce, "Basir ne. Nauyi ke kawo shi. Ki rage jiki, za ki ga abubuwa da yawa sun tafi da kansu."

Na ce, "Likita, ba za ka ko duba cikin ba?"

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda ke ganin yana da barkwanci. "Ko na danna, me zan ji ta cikin wannan?"

Wannan. Cikina ke nan, wanda na ɗauki Josette a ciki. Na fito da takarda mai hoton faranti an raba shi gida-gida, rabi ganye. Na shiga mota na koma gida.

Ba yau aka fara ba. Kunnena ya taɓa yin ruwa, aka ce in rage ƙiba. Na zame a kan ƙanƙara na gurɗe a hannu, aka ce in rage ƙiba. Ke kuwa bara da kanki ya sara na 'yan kwanaki, ba a rufa mako ba aka sa ki a na'urar ɗaukar hoto, aka ce babu komai, kika bugo kina yabon likitocin zamani. Ke kina shiga da ciwo su ga ciwo. Ni in na shiga da ciwo, ƙiba suke gani. Uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya muka ci. Bambancin kawai Mama ke take ƙara wa a faranti wai ki yi kumari, ni kuma ta janye nawa ta ce ya isa.

Ba shawara nake nema ba, ina roƙonki. Na fi ki sanin kowane tsarin cin abinci da aka taɓa ƙirƙira, tun ina 'yar shekara tara nake yin su. So nake sau ɗaya ki ce, "Abin da ya yi miki bai kyauta ba." Shi ke nan.

Ki gaida Alton da yaran.

Ƙanwarki,
Delphine

Toledo, Ohio
Afrilu

Yaya Odette,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, kun kuma yi bikin Ista lafiya. Ya jikokinki? Hoton ƙaramar da kika turo ya ba mu dariya, hancin Baba ne sak. Nan sanyi ya saki, Wendell ya fara tonon lambunsa a bayan gida.

Jar rigar da kika aiko ta iso. Ban mayar da ita ba wannan karon, kuma shi ne abin da ya sa nake rubuto miki, don ban san inda zan kai abin da ke cina ba.

Gaskiya ne abin da kika gani a hoton coci. Na rame. Na rame har zoben aurena yana yawo a yatsa. Kin bar mini saƙo kina ihu, "Na san za ki iya! Na san kina da zuciya!" Yaya, ban yi komai ba. Abinci ne ba ya shiga. Ranar Litinin Wendell ya dafa jan wake da shinkafa yadda Mama ke yi, da tsiran nama mai yaji. Cokali biyu na kai, cikina ya rufe kamar an ɗaure bakin buhu. Tafiya daga mota zuwa ƙofar gida sai na huta.

Amma zo ki ga yadda duniya ta sake mini fuska.

A coci Sista Earlene, mai shugabantar mata, wadda shekara da shekaru ba ta wuce "Allah ya ba da lafiya" da ni ba, ta tare ni a bakin ƙofa ta riƙe ni ta juya ni kamar kaya a kanti. "Yarinya! Ina sauranki? Maza gaya mana sirrin, kada ki yi mana rowa!" Mata suka kewaye ni. Na ce ba ni da lafiya ne. Wata ta ce, "In haka ne Allah ya sa in kamu da irin ciwonki," suka kwashe da dariya.

A otal kuwa, kin san shekara goma sha biyu ina ɗakin baya marar taga ina amsa wayar masu kama ɗaki. Duk lokacin da gurbi ya buɗe a teburin karɓar baƙi sai na nema, duk lokacin kuma manajanmu Mista Dunlevy sai ya ce, "Delphine, ai muryarki ce dukiyarmu, asara ce mu raba ki da waya." Yaran da na koya wa aiki su ake kaiwa gaba. Watan jiya ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ƙare mini kallo ya ce, "Ni fa ban san me ya sa ba mu taɓa tunaninki a gaba ba." Ni na san me ya sa, shi ma ya sani. Yanzu ina gaba, da kwat mai ruwan toka da sunana a ƙirji.

Kantin tufafin da aka taɓa ce mini, "Ba mu ajiye girmanki a nan, sai dai ki duba ta intanet," yanzu yarinyar kantin bina take da riguna a hannu tana ce mini 'yar'uwa. Maza suna riƙe mini ƙofa. A bas mutum yana zama kusa da ni ba tare da ya ja tsaki ya takure kamar zan shafa masa wani abu ba. A gidan abinci ba wanda ke leƙa farantina.

Ashe haka kike rayuwa? Tun haihuwa? Kullum kina ce mini mutane suna da kirki, ni ce mai saurin ɗaukar abu da zafi. Yanzu na gane ba ƙarya kike yi ba. Suna da kirkin, a gare ki. Gari ɗaya muka tashi amma ba mutane ɗaya muka sani ba.

Na koma wurin Dokta Harlan don jinin bai tsaya ba. Ya ga lambar sikeli, ya ajiye biro, ya tafa hannu. Tafi na gaske, Yaya, har nas ta leƙo. "Kin ga abin da nake gaya miki! Da marasa lafiyata duk za su yi koyi da ke!"

Na ce, "Likita, ba ni na yi ba. Ba na iya cin abinci. Jiri nake ji."

Ya ce, "Jiki ne yake sabawa. Ko me kike yi, ci gaba da yi."

Mutum ɗaya ne a garin nan bai taya ni murna ba. Shekaranjiya da safe Wendell ya tsaya yana kallona ina ƙoƙarin shanye rabin kofin shayi. Ya ce, "Del, ke ba raguwa kike yi ba, ƙarewa kike yi. Ni matata nake so, ban ce a rage mini ita ba." Na yi masa tsawa na ce shi kaɗai ne ba ya son ci gabana. Kin ji abin da na gaya wa bawan Allahn nan? Don gaskiyar ita ce na sa jar rigar, na tsaya gaban madubi, na ji daɗi. Ina jin tsoro a raina, amma daɗin yabon ya fi ƙarfin tsoron. Wanda bai taɓa shan yabo ba, ranar da aka zuba masa ba ya tambayar me aka haɗa a ciki.

Sai maganar Josette. Shekararta sha biyar, jikina ta ɗauko, kuma ita ke busa babban ƙaho a ƙungiyar kiɗan makarantarsu, tana tafe tana busawa filin ƙwallo ya ɗauka. Na tarar da abincin ranarta a kwandon shara, a naɗe yadda na ba ta. Da na tambaye ta sai ta ce, "Mama, ai kowa yana sonki yanzu." Saboda haka maganar da kika kawo ta sansanin rage ƙiba na yara, wai ke za ki ɗauki nauyin kai ta lokacin hutu, kada in sake jin ta. Kada kuma ki bi ta bayana ki kira ta a waya. Na rantse miki, in kika yi haka za ki daɗe ba ki ji muryata ba.

Allah ya bar zumunci duk da haka.

Taki,
Delphine

Toledo, Ohio
Yuli

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Alton da yara da jikoki, da fatan kowa lafiya. Na san Wendell ya bugo miki daga asibiti, na kuma san kin yi ta kira ban ɗauka ba. Ba ni da ƙarfin rarrashin kowa shi ya sa. Yau na iya zama a kujera, bari in gaya miki da kaina.

Da tsakar rana abin ya faru, ina bayan tebur a otal ina miƙa wa wasu baƙi makullin ɗaki. Na ga fuskokinsu sun yi nisa, sai kawai na farka a ƙasa, Mista Dunlevy yana yi mini fifita da jarida. Motar asibiti ta kwashe ni zuwa sashen gaggawa.

Wata likita ce ta karɓe ni, Dokta Menon, 'yar siririya mai gilashi. Ba ta tambayi nauyina ba. Ta ɗora hannu a cikina, ta danna ta hagu, na yi ƙara, na ga fuskarta ta canza. Kafin la'asar an ɗauki hoto. Abin da na yi kusan shekara guda ina roƙo, yini ɗaya ya ɗauka, saboda a ranar na shigo da jikin da ake saurara wa.

Daji ne a hanji, Yaya. Irin na Baba. Ya riga ya taɓa hanta.

Ta zauna a bakin gadona ta ce, "Tun yaushe kike ganin jinin?"

Na ce ya fi shekara.

Ta ce, "Kuma ba ki je asibiti ba?"

Dariya ta kama ni, har allurar ƙarin ruwan da ke hannuna ta motsa. Wendell ne ya ba ta labari, don ni na kasa. Da ta gama ji ta ce, "Da an kama shi bara..." sai ta haɗiye sauran. Ba sai ta ƙarasa ba.

Sun yi aiki, sun yanke abin da za su iya yankewa. Na hantar sai da magani mai ƙarfi, wanda zan fara wata mai zuwa.

Da na iya taka ƙasa na ce wa Wendell ya kai ni wurin Harlan. Ya ce, "Del, ki bari ki warke." Na ce ba zan warke ba sai na je. Mun shiga ɗakin jira, na zauna a kujera mai hannun nan, ta ɗauke ni har da saura. Ban taɓa jin haushin kujera kamar na ranar ba.

Ya riga ya samu labari. Ya shigo da fuskar jaje, ya ce, "Misis Tate, na yi baƙin ciki ƙwarai. Sai dai ki gane, alamominki sun yi kama da abubuwan da muke yawan gani a masu jiki irin wanda kike da shi a da."

Na ce, "Na gaya maka yadda ubana ya mutu?"

Ya ce, "Ina jin kin ambata."

"Na ce maka ba na iya cin abinci?"

"Misis Tate, a lokacin..."

"Me ka yi?"

Ban jira amsarsa ba. Na ce, "Tafi ka yi. Ka tsaya a nan ka tafa wa ciwon da ke cinye ni."

Na ɗaga rigata na nuna masa ɗinkin, tun daga cibiya har ƙasa, ja wur. Na ce, "Ka ce ba za ka ji komai ta cikin wannan ba. To ga shi, kitsen ya tafi. Danna. Taɓa shi mana, likita!" Ya ja da baya har ya bugi durowa. Hannunsa yana cikin aljihu. Har na fita bai fito da shi ba.

Na kai ƙararsa hukumar da ke kula da likitoci. Wendell ya ce wataƙila takardar gargaɗi kawai za su ba shi. Su ba shi. Aƙalla sau ɗaya shi ma a auna shi.

Mista Dunlevy ya aiko furanni da kati, wai kujerata ta gaba tana jirana. Ina so in tambaye shi, in maganin ya kumbura ni na koma yadda nake, tana jiran wa?

Yanzu ki saurara, don wannan ya fi duk abin da na rubuta muhimmanci. Dokta Menon ta ce irin wannan yana bin jini. Baba, ni, to ke ma sai an duba ki, ko ba kya jin komai. Kada ki ce mini kina gudu kowace safiya, kina cin ganye. Ciwon nan bai san sikeli ba. Ki je makon nan. Ki ce musu ya kama ubanki da ƙanwarki.

Kada ki zo tukuna. In na gan ki yanzu zan faɗi abin da ba zai goge ba.

Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki,
Delphine

Toledo, Ohio
Nuwamba

Zuwa ga Yaya Odette,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙarfin jiki bayan ɗan aikin da aka yi miki? Ina fata kin huta yadda suka ce, ba ki koma guje-gujenki da wuri ba. Ki gaida Alton, ki ce na gode da bargon da ya zaɓo, shi nake lulluɓa da shi in ana ƙara mini magani, don ɗakin sanyi gare shi.

Wasiƙunki biyu sun iso. Bari in fara da ta farko.

Kin ce kin je ranar Litinin, kin faɗi sunan ciwon Baba da nawa, kafin Juma'a an duba ki. Sun ga ɗan tsiro, sun cire shi nan take, likitan ya ce da an bar shi 'yan shekaru da ya zama abin da nake fama da shi. Da na karanta na durƙusa a tsakiyar kicin na gode wa Allah, da hawaye, da zuciya ɗaya. Ke kaɗai kika rage mini a gidanmu. Sannan na miƙe, na ɗauki babban farantin da ke kan tebur na maka shi da bango. Na ɗauki na biyu. Wendell ya shigo ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ɗauko tsintsiya.

Ba kya jin ciwo, ba ki ga jini ba, baki kawai kika buɗe aka gaskata ki. Ni na zo da ciwon, da jinin, da sunan Baba a bakina, aka ba ni hoton faranti. Ina murna kin tsira, ina kuma jin kamar in ƙona garin nan. Duka biyun gaskiya ne, kada ki ce in zaɓi ɗaya.

Maganin yana wahalar da ni. Gashina ya zube, bakina kamar na tauna ƙarfe, yatsuna ba sa jure sanyi. Ranar Lahadin da na samu ƙarfin zuwa coci, Sista Earlene ta rungume ni ta raɗa mini a kunne, "Ko ba komai dai kin samu jikin da kike so." Na janye jikina na ce, "Sista, in na mutu ki zo ki auna akwatin, ki gaya wa mata sirrin." Fasto ya ce in nemi gafararta. Na ce ya sa ni a layi, akwai masu jiran gafarata da suka riga ta.

Na tambayi likita gaskiya, ta gaya mini. Ba ta yi maganar warkewa ba, maganar lokaci ta yi. Yana iya yin tsawo, ta ce, akwai waɗanda suka ba su mamaki. Ina da niyyar ba su mamaki. Amma ni uwa ce, dole in yi shiri.

Sai wasiƙarki ta biyu, mai shafi uku. Na karanta ta har ƙarshe, na sake karantawa. Kin tuna abubuwan da na ɗauka ni kaɗai na riƙe su: ranar aurenki da kika sa ni a ƙarshen layi a hoto, rabin jikina a bayan labule, da sunan da abokanki ke kirana da shi a makaranta kina dariya tare da su. Kin ce ba ki sani ba. Na yarda ba ki san nauyinsa ba. Amma na sha gaya miki, Yaya. Sai da na kwanta a gadon asibiti maganata ta yi daraja. Ban gama fushi ba, kuma ba zan yi miki ƙaryar na gama ba don ki samu barci.

Kin tambaya me za ki yi. Ga shi.

Makon jiya Josette ta murɗe gwiwa a wurin atisayen kiɗa, ta kumbura kamar ƙwallo. Ina kwance ba na iya ɗaga kai, Wendell ya kai ta wani asibitin, ba na Harlan ba. Kin san me aka ce mata? Gwiwa ba ta son nauyi. Ba hoto, ba komai. Wendell ya ce a duba ta da kyau, muryarsa ta ɗan hau, sai ga mai gadi ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙaton baƙin mutum ba shi da damar yin fushi a asibiti, ya sani, ya kamo hannun 'yarsa suka fito. Ta dawo tana ɗingishi ta ce mini, "Ba komai, Mama, laifina ne." Shekara sha biyar, har ta iya wannan maganar.

Yarinyar nan tana ɗauke da jinin Baba a cikin jiki irin nawa. Duk rayuwarta sai an riƙa duba ta, tun da wuri, kuma duk ƙofar da ta shiga abin da aka yi mini za a yi mata. Ina koya mata ta buɗe baki, amma kafin bakinta ya yi ƙarfi tana bukatar wanda za a ji maganarsa. Ke ana jin taki. Ba ki roƙa ba, ba ki saya ba, haka aka ba ki. To ki yi wa 'yata amfani da ita.

Na sake karɓar mata ranar ganin likitan ƙashi, Talatar da ke bayan bikin godiya na ƙarshen watan nan. Ki zo mu yi bikin tare, ki kwana biyu, ki kai ta. Ki shiga har cikin ɗakin, kada ki tsaya a waje. In suka fara zancen nauyi ki ce, "Gwiwa muka kawo." In suka maimaita, ki maimaita. Ki tambaye su me za su yi wa siririyar yarinya mai irin wannan kumburin, ki ce shi za a yi mata. Kada ki yi murmushi, kada ki ba su haƙuri, kada ki tashi daga kujerar sai an ɗauki hoton. A hanyar dawowa in ta ce tana jin yunwa, ki tsaya ki saya mata abin da ta ce, ki ci tare da ita, ki riƙe bakinki.

Ba wannan Talatar kaɗai nake nufi ba. Kin gane.

Ki taho da rigar sanyi mai kauri, an ce ƙanƙara za ta sauko da wuri bana. Wendell zai ɗauko ki a filin jirgi. Kada ki zo ki yi mini kuka, ina da masu kuka da yawa. Mai tsayawa nake nema.

Sai kin iso. Allah ya kawo ki lafiya.

Ƙanwarki mai fushi da ke, mai sonki,
Delphine